Takalmin Hagu na Arvid

Wasiƙar ta iso ne a watan Oktoba, ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka a Tallfors. Berit ta karanta ta a tsaye a kicin, sannan ta ja kujera ta sake karantawa a zaune. Ƙungiyar hoki ta garinmu, masu wasan sanda a kan ƙanƙara, ita ce ta rubuto. Sun ce sun yanke shawarar rataye rigar mijinta, Arvid Norrsten, mai lamba huɗu, a rufin zauren ƙanƙara ranar Asabar ta biyu a watan Janairu. Daga ranar ba wanda zai ƙara sa lamba huɗu a garin nan. Tun da aka gina zauren riguna uku kaɗai aka taɓa ratayewa, biyu daga cikin masu su kuwa suna kwance a bayan coci.

Arvid yana zaune a bakin taga yana kallon tsuntsaye suna cin tsabar da ta zuba musu. Shekararsa hamsin da tara. Kafaɗun suna nan yadda ta san su, tafin hannunsa ɗaya har yanzu zai rufe faranti. Kan ne ya tafi. Shekara huɗu ke nan da abubuwa suka fara zubewa daga ƙwaƙwalwarsa kamar hatsi a buhun da ɓera ya huda: da fari makullan mota, sai sunayen maƙwabta, sai hanyar dawowa daga kanti. A bara ya daina kiran sunanta. Yakan bi ta da ido cikin ladabi, irin na baƙon da aka sauke a gidan mutane, in ta miƙa masa kofi ya ce, "An gode, baiwar Allah." Likita ya ce dukan kai ne na shekara goma sha tara ya taru ya same shi.

Ta ce, "Arvid, za su rataye rigarka."

Ya juyo. "Ta jiƙe ne?"

Ta yi dariya.

Kowa a Tallfors ya san yadda ake yin abin. Ana rage fitilu, a buɗe ƙaramar ƙofar 'yan wasa, mai rigar ya fito a kan takalmin ƙanƙara mai ƙarfe a ƙasa, ya zaga fili sau ɗaya, ya tsaya a tsakiya ya ɗaga kai yana kallon rigarsa tana hawa. Wanda ƙafa ta gaza masa kuwa, sai a shimfiɗa masa jan kafet a kan ƙanƙarar, ya tako da takalmin zuwa coci, wani na riƙe da hannunsa. A baki ba a ce abin kunya ba ne. Amma a garinmu in mota ta mutu murus, ko kare ya tsufa, ko mutum ya kasa, cewa ake yi "ya hau kafet." Arvid da kansa, lokacin da yake da bakinsa, ya sha gaya mata, "Berit, duk ranar da kika gan ni a kan ƙanƙara da takalmin coci, ki kira fasto kawai. Gawa ce ke tafiya."

Don haka tun kafin ta ninke wasiƙar ta san abin da ke gabanta. Ko ya fita da ƙafarsa, ko ya hau kafet.

Ta san shi tun suna yara, yana zuwa rumfar mahaifinta da takalma rataye a wuya. Helmer, mahaifin Berit, shi ne mai washin takalman ƙanƙara na garin gaba ɗaya. Da rana yana aiki a injin katako, da yamma ya zauna a gaban dutsen washi. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin ba kamar wuƙa yake ba. Baki biyu gare shi, da ɗan kwarmi a tsakani, kuma duk mai washi abu ɗaya aka koya masa: bakunan nan biyu su zo daidai. In za a gwada, sai a kifa takalmin a ɗora kwandala a kan ƙarfen. In ta kwanta sak, aiki ya yi. In ta karkata, an ɓata.

Arvid yana shekara goma sha bakwai, yana aikin hutu a injin katako, gungume ya gangaro ya danne masa idon sawun hagu. Ƙashi ya haɗe, amma ya haɗe a ɗan karkace, abin da ido ba ya gani in yana tafiya a ƙasa. A kan ƙanƙara ne ƙafar ke zamewa duk lokacin da ya zo juyawa. Ya yi rabin hunturu yana faɗuwa kamar ɗan koyo. Helmer ya tsaya a bakin fili kwana uku yana kallonsa. A na huɗu ya ce, "Kawo na hagun nan." Ya wasa shi a karkace da gangan, ya bar bakin ciki ya fi na waje tsawo da abin da bai wuce kaurin gashi biyu ba. Ya ɗora kwandala, ta jirkice. Ya ce, "Duk mai washin da ya ga wannan zai ce mashayi ne ya yi. Je ka gwada."

Arvid ya zaga sau biyu, ya dawo bakin katakon da ya kewaye fili, ya ɗaga ƙafar hagu, ya ce, "Ya kama."

A rumfar nan su uku suka ƙulle maganar. Helmer ya ce ba ƙungiyar da za ta ɗauki ɗan baya mai karkatacciyar ƙafa, in zancen ya fita, to, a injin katako zai tsufa. Berit tana da shekara goma sha shida, ita ke riƙe wa mahaifinta fitila. Arvid ya dube ta ya ce, "'Yar Helmer, ke fa?" Ta ce, "Ni ban ga komai ba." Ya ce, "Har abada?" Ta ce, "Har abada." Da hannun tsohon ya fara rawa, ita ya koya wa aikin.

Shekara huɗu Arvid ya buga wa Tallfors, bakwai a babbar gasa a kudu, biyar a Kanada, sannan ya dawo gida ya ƙarasa uku. Ya sa rigar ƙasa mai ruwan ɗorawa sau sittin da wani abu. Bai iya cin raga ba, shi ma yana faɗa da bakinsa. Aikinsa shi ne in an harbo baƙin faifan robar da ake bugawa da sanda ya kwanta a gabansa, ya tare da ƙirji, da gwiwa, da fuska in ta kama. Katanga ake ce masa. Haƙora tara ya bari a filayen mutane. Hanci ya karye sau huɗu. Sau nawa aka fito da shi bai san sunan garin da yake ba, ya kurɓi ruwa ya koma. A lokacin jarumta ake kiran wannan, ita ma Berit haka ta kira shi, tana tafawa tare da kowa.

Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa wasa takalminsa sai ita. Har Kanada ta tafi da dutsen mahaifinta a akwatin katako, an rubuta "kayan kicin" a jiki. A garejin gidan haya take yi, da safe, ƙofa a kulle. Masu kula da kayan ƙungiya suna jin haushi, 'yan jarida suka ce camfi ne, wai Katanga ba ya bari a taɓa masa takalmi don kada sa'arsa ta zube. Ya bar su a haka. In ya dawo daga wasa, ko sun ci ko an ci su, ya ajiye jaka ya ce mata, "Ya kama." Iyakar godiyar ke nan, ita ma ba ta nemi ƙari ba.

Ana saura mako guda bikin, 'yarsu Tuva ta zo daga Umeå inda take aikin jinya. Ta gaji jikin mahaifinta da bakin mahaifiyarta. Ta iske Berit tana murza ƙullun burodin kirfa, ba ta ko cire rigar sanyi ba ta fara.

"Mama, mutumin da ba ya iya ɗaure igiyar takalmi kike so ki tura kan ƙanƙara?"

"Ba da kai ake tafiya a ƙanƙara ba. Da ƙafa ake yi."

"Mutum dubu uku fa, Mama, kowa da waya a hannu. In ya faɗi, kafin mu iso gida duk ƙasar nan ta gani. Haka kike so a tuna da shi?"

"Kafet fa? Haka shi yake so a tuna da shi?"

"Shi ba ya son komai yanzu. Ke ce ke so."

Maganar ta shiga Berit har ƙashi. Ta ci gaba da murza ƙullun, ba ta ɗago ba, don ba ta tabbata ƙarya yarinyar ta yi ba. Daga ƙarshe suka tsaya a kan za a gwada ranar Alhamis da safe, lokacin da zaure ba kowa. In ya tsaya da ƙafarsa, ya fita da takalminsa. In ya faɗi, kafet, ba musu.

Berit ba ta tsorata da sharaɗin ba. Takalman suna gareji a naɗe cikin tsohon tawul, ƙarfen ya sha mai. Ita ta wasa su da hannunta shekara shida da suka wuce, karo na ƙarshe da ya hau tafki, kafin injin dutsen Helmer ya ƙone. Ranar Laraba da ta dawo daga kantin magani Tuva ta ce mata Sune ya biyo ya tafi da su zai sa musu sabuwar igiya. Ba ta kawo komai a ranta ba. Igiya ce kawai. Kowa ya san ba a taɓa ƙarfen Arvid.

Sune Malm shi ne golan Tallfors a zamaninsu. Shekara bakwai yana tsaye a raga, Arvid yana gabansa. Yanzu shi ke kula da kayan ƙungiya, ya yi tumbi, gashi ya ƙare. Arvid bai taɓa kiransa da sunansa ba, Rariya yake ce masa, wai komai wucewa yake ta jikinsa. Shi ya tare su a bakin ƙofa ranar Alhamis, takalman a hannunsa suna ƙyalli, an rufe ƙarfen da murfin roba.

"Katanga! Har yanzu kana nan da munin nan naka?"

Arvid ya yi murmushin baƙo. "Sannu, bawan Allah."

Sune ya kawar da kai, ya durƙusa ya sa masa takalman, ya daɗe a kan igiyar fiye da yadda ya kamata. Ove, shugaban ƙungiya, yana tsaye a gefe yana duba agogo.

Da ƙafar Arvid ta taka ƙanƙara, Berit ta ga kafaɗunsa sun sauka, gwiwoyin sun lanƙwasa da kansu. Ya tura da dama, ya tafi sul, miƙe kamar an ja zare. Tuva ta kama hannun mahaifiyarta. Ya kai kusurwa, ya karkata jiki zai juya, sai ƙafar hagu ta zame daga ƙarƙashinsa. Ya zube a kan ƙugu, ƙarar ta cika zauren da ba kowa. Kafin a isa gare shi ya tashi da kansa, fuska a murtuke. Ya sake turawa, ya sake kaiwa kusurwa, ya sake zubewa. Wannan karon bai tashi ba. Ya zauna a kan ƙanƙarar ya kama takalmin hagu da hannu biyu yana kallonsa.

"Wannan ba ƙafata ba ce," ya ce da ƙarfi. "Wa ya ɗauke mini ƙafa?"

Tuva ta ruga kan ƙanƙarar da takalmin ƙasa tana zamewa, ta rungume kansa. "Taka ce, Baba. Taka ce. Shi ke nan, an gama."

Ove ya gyara murya. "Berit, kafet ɗin ma sabo ne. Ba wanda zai ga laifinsa."

Berit ta bi takalmin hagu da ido. Duk wanda ke wurin ya ɗauka ciwon ne ke magana. Ita kuwa ta taɓa ganin faɗuwar nan, irinta sak, shekara arba'in da biyu da suka wuce. A ɗakin canza kaya, Tuva na duba masa ƙugu, Berit ta ɗauki takalmin hagu ta kifa shi a cinya, ta laluba aljihu ta ciro kwandalar da take sa wa keken sayayya a kanti, ta ɗora a kan ƙarfen. Ta kwanta sak.

Ta iske Sune a ɗakin kaya, ya juya wa ƙofa baya yana jera safar hannu da ba ta buƙatar jeri.

"Sune, ka wasa su?"

"Na ɗan gyara." Ya juyo, idonsa ja. "Na san dokarsa, Berit, amma kada ki ji haushi. Na hagun nan, ban san wanda ya yi masa wannan aika-aika ba. Kwandala har gangarowa take. Na ce wannan ai kashe shi zai yi. Sau uku na bi da shi ta inji kafin ya daidaita."

Berit ta tsaya da takalmin a ƙirji. Helmer ya tafi kabari da maganar. Arvid ya manta ta. Ita kaɗai ta rage tana riƙe da ita, kuma wanda ta yi wa alkawarin ba ya cikin halin da zai ce ya yafe. In ta yi shiru, ta cika alkawari, ya hau kafet. Ta ji takun Tuva ya tsaya a bakin ƙofa.

Berit ta ce, "Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na yi aika-aikar. Kafin ni Babana. Idon sawunsa a karkace yake tun ranar gungumen nan. In ƙarfen ya zo daidai ba ya iya juyawa. Gaskiya ya faɗa muku, ba ƙafarsa ba ce."

Sune ya nemi wani akwati ya zauna.

"Shekara bakwai ina bayan mutumin nan," ya ce. "Ni da nake masa dariyar camfi. Har na taɓa ɓoye masa su a injin wanki don tsokana, ya kusa cire mini wuya. Da gurguwar ƙafa ya je Kanada?"

"Ba gurgu ba ne. Karkata ce."

"Ni da ƙafa biyu lafiyayyu ko kudu ban kai ba." Ya shafa sanƙonsa. "Wayyo ni, Rariya. Yau ma na bari ta wuce."

Tuva ta ce daga bakin ƙofa, "Shi ya sa garejin yake a kulle kullum da safe? Ni duk ƙuruciyata na ɗauka taba kike sha a ɓoye."

"Ita ma ina sha," in ji Berit. "Sune, injin naka zai iya mayar da shi?"

"Injin nan bai iya kuskure ba. Don haka aka saye shi."

"Tsohon dutsen ƙungiya fa?"

Yana nan a lungu, an lulluɓe shi da tamfol, an ɗora masa kwalayen lemo. Sune ya kwashe, ya hure ƙura, ya sa a wuta. Ya karɓi takalmin ya duba a fitila ya girgiza kai. Ƙarfen tsoho ne, an daina yin irinsa, shi kuma ya riga ya cinye masa jiki jiya. Abin da ya rage bai fi a bi da shi kan dutse sau biyu ba. In ta kuskure, shi ke nan.

Berit ta cire rigar sanyi, ta sa tabarau. Yatsunta sun kumbura da ciwon gaɓɓai, shekara shida ba ta taɓa dutse ba. Ta ɗaure takalmin a maƙalinsa, ta sassauta ƙusar gefe rabin juyi, sannan ta ƙara ɗan abin da ba shi da suna, wanda hannu kaɗai ya sani. Dutsen ya ɗauki kuka. Warin ƙarfe mai zafi ya tashi, sai ga ta a rumfar mahaifinta, tana jin muryarsa yana cewa da kunne ake washi, ido ƙarya yake. Ta rufe ido ta tura. Tartsatsi ya zubo a kan siket ɗinta. Ta ji sautin ya yi kauri a farko, ya sirance a tsakiya, yadda ya kamata. Ta sake bi sau ɗaya, a hankali, kamar mai shafa kan jariri, ta kashe.

Ta kifa takalmin, ta ɗora kwandala. Ta jirkice zuwa waje, kaɗan.

Sune ya leƙa ya ce, "Kai! Abin nan ciwo yake mini a ido."

"To, rufe idon."

Ba a samu sake gwadawa ba. Ranar Juma'a ƙugun Arvid ya kumbura ya yi shuɗi, Tuva ta hana shi motsi, zauren kuma yaran makarantu sun cika shi da gasarsu. Da yamma suna wanke kwanoni Tuva ta ce, "Mun yi magana, Mama. In ya faɗi, kafet."

"Ba shi ya faɗi ba. Takalmin wani ne ya faɗi."

"In kuma kin kuskure? Shekara shida fa."

"In na kuskure, na kuskure."

Tuva ta goge hannu, ta je ta ɗauko takalmin cocin mahaifinta ta goga masa mai, ta sa a leda.

Ranar Asabar ƙarfe uku na yamma zauren ya cika har matakala. Suna tsaye a lungun da ke kaiwa ƙaramar ƙofa, Arvid a zaune a benci da safa, an sa masa riga mai lamba huɗu. Jan kafet yana naɗe a gefe, maza biyu na tsaye a kansa suna jira. Mutane suna buga ƙafa a katako, ginin na rawa. Arvid ya toshe kunne ɗaya.

"Ina ne nan?" ya tambayi Berit. "Baiwar Allah, don Allah ki mai da ni gida. Za a neme ni."

Ove ya leƙo. "Minti biyu. Wanne za a yi?"

Ba Berit ya kalla ba, Tuva ya kalla. Ledar takalmin coci tana hannunta na dama, takalman ƙanƙara suna ƙasa a gaban benci. Ta dubi mahaifinta, ta dubi mahaifiyarta. Berit ba ta roƙe ta ba. Ta riga ta faɗi abin da ta sani, har da wanda bai kamata ta faɗa ba.

Tuva ta ajiye ledar, ta durƙusa. "Wanne yake fara sawa?"

"Na hagu."

"In ya faɗi ni zan fara isa, Mama. Kada kowa ya riga ni."

Ta ja igiyar da ƙarfi, ta ɗaure. Berit ta sa masa sanda a hannu, yatsunsa suka rufe a kanta da kansu. Aka rage fitilu. Aka kira sunansa, zauren ya ɗauka. Aka buɗe ƙofa.

Ya tsaya a bakin ƙanƙara yana ƙifta ido. A can cikin raga akwai mutum ɗaya a tsaye: Sune ne, ya tono tsofaffin kayansa na gola ya cusa tumbinsa a ciki, don a samu wani kusa in abin ya ɓaci. Arvid ya sa ƙafar dama. Ya sa ta hagu. Ya tura.

Labarin faɗuwar Alhamis ya riga ya zaga gari, don haka da ya doshi kusurwa zauren ya yi tsit. Berit ta riƙe katako har farcenta ya shiga. Ya karkata jiki. Sai aka ji ƙarfen hagu ya ciji ƙanƙara, ƙarrr, har kujerun sama an ji. Ya ɗaga dama ya tsallake hagu, ya sake, ya sake, ya fito daga kusurwar da gudu fiye da yadda ya shiga. A tsakiyar fili ya juya ya koma tafiya da baya, kai a ɗage, sanda a ƙasa, yadda ɗan baya ke yi in ana kawo masa hari. Tsofaffin garinmu suka miƙe tsaye suna ihu kamar yara.

Bai tsaya a tsakiya ba kamar yadda aka tsara. Ya wuce kai tsaye zuwa raga, ya ja birki ƙanƙara ta fantsama, ya buga sandarsa sau biyu a matashin ƙafar gola, yadda ya saba yi kafin kowane wasa.

"Rufe ƙafafun nan, Rariya," ya ce. "Yau ba na son shirme."

Kafaɗun Sune kawai ake gani suna rawa a cikin kayan.

Rigar ta hau a bayansa, fitila na bin ta har rufi. Bai ko ɗaga kai ya kalle ta ba. Ya je ya tsaya a wurinsa, hagu da shuɗin layin da ya ratsa fili, ya sunkuya yana jiran a jefa faifai. Da ya ga ba a jefa ba, ya miƙe ya duba ko'ina, sannan ya taho a hankali zuwa bakin katako inda Berit take. Ya tsaya a gabanta yana haki. Ya dube ta, ba kallon baƙo ba. Ya ɗaga ƙafar hagu.

"'Yar Helmer," ya ce. "Ya kama."

Ta gyaɗa kai.

A mota suna komawa gida ya tambayi Tuva ko bikin wa aka yi, mutane haka da yawa. Ta ce na wani ɗan wasa ne. Ya ce to, Allah ya sa ya ji daɗi.

Bai ƙara hawa ƙanƙara ba, bai kuma ƙara kiranta da wani suna ba. A watan Afrilu, makon da ƙanƙarar kogi ta fashe, ciwon huhu ya kwantar da shi kwana biyar, ya cika da safe, taga a buɗe. Aka kai shi bayan coci kusa da sauran biyun. Sune da tsofaffin abokan wasansa suka ɗauki akwatin.

Bayan wata guda Ove ya zo neman takalman, za a sa su a gilashi a ƙofar zaure. Berit ta ba shi na dama. Na hagu yana kan tagar kicin, inda Arvid ke zama yana kallon tsuntsaye, a kife, da kwandala a kan ƙarfen. Duk baƙon da ya san takalmi, in ya zauna shan kofi idonsa sai ya kai wurin. Ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, daga ƙarshe ya ce, "Berit, wa ya ɓata wannan?"

Sai ta tura masa farantin burodin kirfa, ta ce, "Ni ce. Zauna in gaya maka."